Muryar Baba Isufu

Ban jin akwai ranar da zan manta da Alhamis ɗin da Oga Bitrus ya bugo mini waya ina tsakiyar sharar ofis. Yau sati uku ke nan, amma har yanzu in wayar ofis ta yi ƙara sai ranar ta dawo mini sabuwa. Shi ne ya ce in rubuta abin da ya faru saboda sauran masu irin aikina a ofisoshin da kamfaninsu ke kula da su. Na ce masa ni sakandare kawai na gama, ban iya rubutun rahoto ba. Ya ce in rubuta kamar yadda zan ba wa ƙawata labari. To ga shi, in na yi tsalle a wani wuri ku yi haƙuri.

Sunana Sakina. A Agege aka haife ni, a nan na girma. Ina aiki wajen wata lauya, Barista Funmi, a wani ofis mai ɗaki biyu da ke saman shagon magani kusa da layin dogo. Mu biyu ne kawai. Yawancin masu zuwa wajenta mutanenmu ne: mahauta, dillalan shanu, masu fata. Ita Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba, ni kuwa ina jin Hausa da Yarabanci da Turanci daidai gwargwado, shi ya sa ta ɗauke ni. Ni ce mai buɗe ƙofa, ni ce mai buga takarda, ni ce tafinta.

Ga wanda bai san yadda aikin yake ba: takardunmu ba a cikin kwamfutar ofis suke zaune ba. Suna can a ma'ajiyar intanet, wadda su Oga Bitrus ke kira kilawud. Kamfaninsu ne ya shirya mana ita, su ke gyara in wani abu ya lalace, su ke sa ido kada ɓarawo ya shiga. Kowace shari'a tana da foldarta, kamar jaka guda, a ciki akwai fayil-fayil: wasiƙu, hotuna, takardun kotu. Doka ita ce ba a kwafar komai zuwa wayar hannu. In za a tura wa wani takarda, ana sa adireshin imel ɗinsa, shi kaɗai zai iya buɗewa. Oga Bitrus, mutumin Jos ne mai yawan dariya, ya zauna da ni awa biyu yana koya mini wannan lokacin da na fara aiki. Na gane. Wallahi na gane, ba zan ce ba a koya mini ba.

Shari'ar da ta jawo abin ta ƙungiyar masu fata ce. Suna da wani fili a bayan mayanka inda suke shanya fata tun kafin a haife ni. Wani mai gine-gine ya ce filin nasa ne, wata rana aka wayi gari an rushe katangar. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗanlami, ya kawo maganar wajen Barista. Ana neman wanda ya ga masu rushewar, kowa ya ce bai gani ba. Sai bayan kwana goma maigadin filin, Baba Isufu, ya hawo benenmu shi kaɗai da azahar.

Baba Isufu mutumin Nijar ne, dattijo siriri, shekararsa tara a ƙofar filin nan. Ya ce ya ga komai. Ya ce wanda ya kawo 'yan rusau ɗin, ya nuna musu inda za su fara, ba baƙo ba ne. Sule Dogo ne, ɗan ƙungiyar, wanda ke zama tabarma ɗaya da su Alhaji.

Barista ta ce in ɗauki muryarsa, saboda ba ya karatun boko, daga baya mu mayar takarda. Da ya ga na ajiye na'ura a gabansa sai ya ja baya.

"Ɗiyata, wa za shi ji wannan?"

Na ce, "Babu, Baba. Daga ni sai Barista."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. A kulle yake, ko Alhaji ba zai ji ba."

Haka na ce masa da bakina. Sannan ya yi magana, kusan minti ashirin, yana faɗa ina juya wa Barista. Shirinta shi ne kada a shigar da shaidarsa kotu sai ta samo masa wani aikin gadi a Ikorodu, ya bar unguwar tukuna. Ko Alhaji ba a gaya masa waye shaidar ba. Na ajiye muryar a foldar shari'ar, na rufe.

Ranar Laraba da yamma Barista ta fita, sai ga Alhaji Ɗanlami. Yana son takardar da kotu ta aiko mai ɗauke da ranar zama, zai nuna wa 'yan ƙungiya a taronsu bayan la'asar. An ɗauke wuta tun safe, janareto ba mai, injin buga takarda ba ya aiki. Kwamfutar hannu ce kawai ke numfashi, ita ma cajinta ya yi ja.

Na ce, "Baba Alhaji, ka bari gobe in buga maka."

"Gobe? Mutane na can suna jirana ki ce gobe? Tura wa Sakatare a waya."

"Sai da imel ake turawa, Baba."

"Ni me na sani game da wani imel? Ke Sakina, ni fa na yanka ragon sunanki. Takardar tawa ce ko ta gwamnati?"

Ya zauna a kujera, ya ɗora hularsa a gwiwa, yana fifita da jarida. Ya buga wa sakataren ƙungiya waya, shi kuma ya ce yana da imel amma ya manta kalmar sirrinsa tun bara. Kun san yadda abin yake. Dattijo abokin mahaifinki yana zaune yana kallonki, ke kina ce masa doka. A gidanmu ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Sai na tuna a wajen turawa akwai wani zaɓi da ban taɓa taɓawa ba, wanda ke ba da linki, duk wanda ya samu zai buɗe ba sai da imel ba. Kwamfuta na gargaɗin za ta mutu, Alhaji na cewa "yi sauri mana 'yar nan". Na danna, na kwafi linkin, na tura wa Sakatare. Kwamfuta ta mutu. Alhaji ya sa mini albarka, ya ajiye mini goro biyu a tebur duk da ya san ba na ci, ya sauka.

Na tafi gida hankalina kwance. Har tuwo na tuƙa.

Washegari wajen tara da rabi waya ta yi ƙara. Oga Bitrus ne, amma babu dariyar nan tasa.

"Sista Sakina, ke kika buɗe linki jiya a shari'ar masu fata?"

Na ce ni ce, takarda ɗaya ce kawai na tura wa mai ita.

"Ba takarda ɗaya kika tura ba. Folda kika tura, gaba ɗayanta."

Na saki tsintsiya. Ya ce na'urarsu ce ta nuna musu wayoyi da yawa da ba na ofishinmu ba suna shiga wuri ɗaya. Ya ce ya riga ya kashe linkin kafin ya kira ni, yanzu ba mai iya shiga. Na ce Alhamdulillahi. Ya ce, "Tsaya tukuna. Na rufe ƙofa, amma wanda ya riga ya ɗauki abu ya fita, ba ni da hannun da zan karɓo. Akwai wani abu a ciki da bai kamata a gani ba?"

Na ce akwai murya.

Ya ce in ba shi minti goma ya duba rajista, wato inda na'ura ke rubuta duk fayil ɗin da aka buɗe da lokacin da aka buɗe shi. Minti goman nan ban zauna ba. Na je taga na dawo, na ɗauki tsintsiya na ajiye, na buɗe firij ɗin da ba komai a ciki. Na kira Barista, wayarta a kashe, tana kotu a Ikeja, kuma in ta shiga ba ta kunnawa sai an tashi. Na tura mata saƙo, sai da na goge sau uku kafin na rubuta shi daidai. Na kira Baba Isufu, ita ma a kashe. Na san dalili: in babu wuta, da safe yakan kai 'yar wayarsa wajen masu caji ya bar ta sai azahar.

Sai na kira Sakatare. Na daure na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na ce, "Kawu, takardar jiya, kai kaɗai ka buɗe?"

"Ni kaɗai kamar yaya? Na sa a guruf mana."

"Wane guruf?"

"Na ƙungiya. Takardar ƙungiya ce ai, ko ta gidanku ce?" Ya yi dariya. "Ai gara kowa ya gani da idonsa, kada a ce mun ɓoye wani abu. Lafiya dai?"

"Su wa ke ciki, Kawu?"

"Kowa da kowa. Ke wai me ya faru ne?"

Sunan Sule Dogo ya zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye. In na tambaya, na faɗa ke nan. Na ce babu komai, na yi sallama.

Oga Bitrus ya sake kira. Ya ce wayoyi goma sha ɗaya ne suka shiga. Goma sun buɗe takardar kotu sun fita. Ɗaya ta buɗe takardar, ta zaga cikin foldar, ta kunna muryar, sannan ta sauke ta. Yau da safe, bakwai saura.

"Wayar waye?"

"Ba zan iya sani ba. Irin wannan linkin ba ya tambayar suna, matsalarsa ke nan. Irin wayar kawai nake gani, kuma rabin Legas irinta suke riƙewa."

Na ce ƙila wani ne kawai mai son ganin ƙwaƙwaf. Ya ce ƙila. Yadda ya faɗi ƙilan ban ji daɗinsa ba. Ya ce in zauna a ofis in jira Barista, kada in yi komai ni kaɗai, shi zai ci gaba da neman ta ta wajen magatakardan kotu da ya sani. Na ce to. Na ajiye waya, na kalli agogo, goma da kwata. Kotu ba ta tashi kafin ɗaya. Na zauna a kujerar da Baba Isufu ya zauna ranar nan, ban kai minti ɗaya ba na miƙe. Na kulle ofis na sauka.

Keke na tara. Mun zo mashigar jirgin ƙasa aka tsayar da mu, ga motocin haya na danfo sun cushe ta ko'ina, kowa na danna oda. Mai keken yana ta ba ni labarin tsadar mai da Yarabanci, ni ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba. Na biya shi na sauka na kama tafiya da ƙafa, ina yi ina haɗawa da gudu, hijabina na kama ƙafata. Wata mai sayar da burodi da ta san mamata ta ƙwala mini kira, ban juya ba. Abin da nake ta gani a raina shi ne ƙofar filin babu kowa, takalmin Baba Isufu ɗaya a ƙasa. Ina ta cewa Allah ka sa ba haka ba, Allah ka sa ba haka ba.

Tun daga nesa warin fata ya tare ni, sannan na hango shi. Yana zaune a bencinsa, yana hura gawayi a ƙarƙashin butar shayi.

"Ɗiyata, mi ya kawo ki nan da rana haka? Zamna. Kin ga yadda kike haki?"

Ban zauna ba. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai. Ban ce na'ura ce ta yi ba, ban ce Alhaji ne ya matsa mini ba. Na ce ni ce, hannuna ne ya danna, kuma wani ya ji muryarsa, ba mu san ko waye ba.

Ya sauke butar, ya zuba shayin a ƙaramin kofi, ya mayar cikin buta, ya sake zubawa. Sannan ya ce, "Na san ko wane ne."

Na ɗago.

"Dogo ya zo nan da hantsi. Shekara tara bai taɓa tsayawa gaishe ni ba, hannu kawai yake ɗagawa. Yau ya tsaya, har ya sha shayina. Ya ce ya mutanen gida, ya kira sunan ƙauyenmu." Ya kalle ni. "Nan kowa ɗan Maraɗi yake ce mini. Ba wanda ya san sunan ƙauyenmu. Ke kaɗai na gaya wa, ran da kika ce in fara da sunana da garinmu."

Na fashe da kuka a wurin, a gaban masu wucewa da baro.

"Bari kuka, mutane na kallo. Tun da ya tafi nike zaune ina tunani, ina ya samo? Har na fara zargin kaina ko na yi magana cikin barci. Gara da kika zo. Wanda ya san abin da ke bin shi ya fi wanda bai sani ba."

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Barista ce, Oga Bitrus ya samu an miƙa mata takarda a cikin kotu ta fito. Na yi zaton za ta fara da faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Kina ina? Yana tare da ke? Lafiyarsa ƙalau?" Da na gaya mata maganar Dogo sai ta ce, "Oya, maza, kada ya ƙara awa ɗaya a wurin. Ki kai shi tasha, ya hau motar Ikorodu. Zan kira yayana, akwai ɗaki a sitonsa. Sauran maganar ni da ke sai na dawo."

Na juya masa da Hausa. Ya dubi filin, fatu a shanye layi-layi, ya dubi bencinsa.

"Yau ɗin nan?"

"Yau, Baba."

"Ban sallami Alhaji ba. Mutum ba ya barin ƙofar da aka ba shi amana bai yi sallama ba."

Na ce Barista za ta yi masa bayani. Sannan ya shiga 'yar rumfarsa ya naɗe tabarma, ya ɗauki rediyo da buta da wata jakar leda mai kayan sawa. Kayan shekara tara ke nan, hannu biyu suka ɗauke. Ya ba wa wani mai shayi da ke gefe makullin ƙofa, ya ce zai je asibiti ne. Na ga yadda ƙaryar ta yi masa nauyi a baki. Muka biya wajen masu caji ya karɓi wayarsa, muka bi ta bayan layi, ba ta bakin mayanka ba. Duk wanda ya taho ta bayanmu sai na waiga.

A tasha, kafin motar ta cika, Barista ta sake kira ta ce in tambaye shi ko har yanzu zai tsaya a kotu, in ya fasa ba za ta ga laifinsa ba. Na tambaye shi.

"Gaya mata zan zo. Dogo ya riga ya ji. In na yi shiru yanzu, shi kaɗai ya ji ke nan, alƙali bai ji ba."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Ba da mugunta kika yi ba." Kwandasta na ta ihun Ikorodu, Ikorodu. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya juyo ya rage murya. "Amma ɗiyata, ba muryata kaɗai ke cikin abin nan ba. Duk abin da na faɗa, ke kika maimaita shi da Turanci. Ya ji taki ita ma. Ki bar bin hanyar mayanka."

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Tun safe ban tuna ba.

Barista ba ta kore ni ba. Ta yi mini faɗan da ban taɓa ji ba, rabi Turanci rabi Yarabanci, sannan ta ce ita ma da nata: ashe ita ce ta roƙi kamfanin tun farko su bar zaɓin nan a buɗe, saboda mutanenmu ba su da imel. Yanzu Oga Bitrus ya cire shi ɗungurungum. Ya ware muryoyin shaidu wuri dabam, ko ni ba na iya shiga sai Barista ta amince daga wayarta. Ta sayi ƙaramin batir na injin buga takarda, ta shigar da shaidar Baba Isufu kotu da wuri, ta kuma kai rahoto inda ya kamata. Kotu ba ta zauna ba tukuna. Ni kuma yayana ne ke rako ni aiki yanzu, ta doguwar hanya.

Abin da nake so masu irin aikina su riƙe shi ne wannan. Su Oga Bitrus suna iya tare ɓarawon da ke wata ƙasa, kuma sun gano kuskurena kafin ni in gano. Amma ba su san unguwarmu ba, mu muka sani. A wajenmu takarda ba ta mutum ɗaya ba ce. In kin tura wa dattijo, kin tura wa sakatarensa, kin tura wa duk wanda ke zama tabarmarsa, kuma ba da mugun nufi za su yaɗa ba, a ganinsu gaskiya ce da riƙon amana. Ba za ki canza su ba. Ke ce za ki tsaya ki duba me kika danna, ko da mai jiran naki shi ya yanka ragon sunanki. Kunyar minti biyar na guje wa, wani bawan Allah ya bar wurin zamansa.

Kullum da safe ina kiran Baba Isufu. In wayar ta yi ƙara uku bai ɗauka ba, sai in miƙe tsaye. Shekaranjiya wata mata ta zo ba da shaida a wata shari'ar, ta ga na'ura a tebur, ta tambaye ni wa zai ji. Na buɗe baki, na kasa. Sai da na je na kira Barista ta zo ta amsa mata da kanta.